Jiƙaƙƙen Buhu a Kan Batiri

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Fasto ya ce in taƙaita. Zan ƙoƙarta, amma duk wanda ya taɓa hawa bayana ya san ba na iya kai mutum kasuwa ban cika masa kunne ba.

Ga baƙinmu da ba su san ni ba, ni ne Yakubu ɗan kabu-kabu. A nan Matameye aka haife ni, da moto, wato babur, nake ciyar da gidana: matata Saratu, da 'ya'yanmu, da mahaifina. Shaidata a kan mahaifin nan nawa ce. Saura kaɗan in binne shi bara, ba kuwa wata cuta ce ta kama shi ba.

Kun tuna halin da aka shiga bayan sojoji sun karɓi mulki aka rufe iyaka. Mai ya yi tsadar da in ka kai mutum Kurni ka dawo, tanki ne ya ci kuɗin, kai gajiya ce rabonka. Ga damina ta yi gardama, gero ya bushe a tsaye kafin ya fid da kai. Sai na sayar da tsohon motona na sayo mai batiri, irin wanda ake cajawa da wutar lantarki. Abokan aiki suka sa ni gaba da tsokana, wai na sayi fitilar hannu mai ƙafa biyu. Ban kula su ba, tunda ni nake wuce su suna layin mai.

Mutumin da ya sayar mini a Damagaram ya yi mini dogon wa'azi. Kada in bar batirin a rana. Kada in jira sai ya mutu murus kafin in caja. Kada in jona masa wata waya in ba tasa ba, kuma da ƙaramar fitilar ta koma kore in cire. Abin da ya fi nanatawa shi ne in na dawo daga hanya batirin da zafi, kada a jona shi sai ya huce. Ya kuma ce kada ruwa ya kusance shi. Wannan na ɗauka ko yaron goye ya sani, ban ma kai maganar gida ba.

Batiri biyu na saya. Da azahar in dawo gida in ajiye wanda ya gaji, in ɗauki cikakken in koma. Matsalar ita ce wuta ta koma sai ta ga dama, ta leƙo kaɗan ta gudu. Dole sai da mai zaman jira a gida.

Nan Baba ya samu aiki. Tsohon mai lambu ne, da rake da tumatir ya rene mu. Rijiyar lambun ta ƙafe, gwiwoyinsa kuma suka ƙi, sai ya koma zaman rumfa yana korar kaji. Ranar da na ce masa shi ne mai kula da batiri, sai da fuskarsa ta canja. Ya kafa kujerarsa inda yake hango ƙwan fitilar zaure, da ya ga ya kama sai ka ji muryarsa har waje yana cewa an kawo kuran, wato wuta. Jikokinsa suka sa masa suna Direkta, shi kuwa yana amsawa.

Da bazara ta shigo, batirin sai ya daɗe bai huce ba. Wuta ta zo, Baba ya taɓa ya ji da zafi, ya jira, kafin ya huce an ɗauke. In na dawo ya riƙa ba ni haƙuri kamar shi ya ɗauke wutar. Sai ya yi abin da ya sani. Yadda muke naɗe jarka da jiƙaƙƙen buhu don ruwa ya yi sanyi, yadda ya yi shekaru yana rufe kwandon tumatir har ya kai kasuwa bai yi yaushi ba, haka ya fara yi wa batirin. Ya jiƙa buhu ya lulluɓe shi, ya kai shi ɗakin ajiya inda ya fi sanyi, kusa da buhunan gero, ya ja waya ya jona shi a can. In ya ji lokacin dawowata ya yi sai ya yaye buhun ya shanya. Ni dai na ga batiri yana cika kullum, har ina yabonsa.

Daga baya Saratu ta gane cewa ruwan wankansa ne yake jiƙa buhun da shi. A lokacin saye muke daga 'yan ga-ruwa, kowa da ɗan rabonsa. Tsoho ya hana jikinsa ruwa don ɗansa ya samu fita aiki.

Ina tasha da la'asar aka kira ni a waya aka ce in zo, gidanmu na ci da wuta. Na tarar da unguwa ta taru, wani baƙin hayaƙi mai ɗaci yana fita daga ɗakin ajiya. Batirin ne ya kama da wuta a ƙarƙashin jiƙaƙƙen buhun. Maƙwabcinmu Malam Habu, wanda ke kai kaya kasuwannin ƙauye, shi ya hana a watsa ruwa, ya sa matasa suka yi ta ɗebo yashi. Shi ne kuma ya shiga ya jawo Baba, don tsohon ya kutsa cikin hayaƙin yana ƙoƙarin jan buhun gero da hannu. Tafukansa biyu duk sun ƙone.

Geron da zai kai mu kaka ya tafi, har da irin shuka. Abin da bai ƙone ba ya sha hayaƙin da ko akuya ba a ba wa.

Ban yi masa faɗa ba, Allah ne shaida. Kowa ya shigo sai ya ce ba komai Baba, tunda rai ya tsira. Ikilisiyar nan kun tara mana hatsi daga ɗan abin da kuke da shi, ba zan manta ba. Muka ɗauke masa komai. Batirin da ya rage na koma cajawa a shagon wani abokina, kujerar zaure aka mayar da ita cikin ɗaki. Muka ce ya huta.

Sai Baba ya daina cin abinci.

Da farko mun ce zafin hannu ne. Saratu ta zauna za ta ba shi a baki, ya kau da kai ya ce ya ƙoshi. In an ajiye masa kwano sai ya tura wa jikoki da gwiwar hannu. Ruwa kawai yake kurɓa. Na kai shi asibiti, suka duba suka ce hannu na warkewa, ba su ga wani ciwo ba, suka yi masa ƙarin ruwa muka dawo. Fasto ya zo ya yi masa magana, ya saurara da ladabi, ya yi godiya, bai ci ba. Mutum mai ƙirar manoma ya koma ina ɗaga shi kamar damin kara.

Wata safiya na durƙusa gabansa da kwanon kunu, na ce don Allah ko cokali ɗaya. Ya dube ni da idanun da suka faɗa ya ce, "Yakubu, rabona na bana yana cikin abin da ya ƙone. Wannan na yara ne. Ba zan ƙona musu sau biyu ba."

'Yan'uwa, na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Ciwo ana kai shi asibiti. Wannan ina zan kai shi?

Na fito na hau moto, ban nufi tasha ba, na zo nan. Ba kowa a ɗakin sujada sai kujeru. Na faɗi a gaban can, kuma ba zan ɓoye muku ba, da fushi na fara. Na ce Ubangiji, ruwan sama ka hana mun yi shiru, hanya ta rufe mun yi shiru, yanzu kuma tsohon da ya bi ka tun yana saurayi za ka bari kunya ta kashe shi? Na yi kuka har muryata ta dishe. Da fushin ya ƙare sai na ce, ban roƙe ka gero ba, ban roƙe ka batiri ba. Dabarata ta ƙare. Ka bar mini ubana, cikin sunan Yesu. Ban ji wata murya ba, ban ga wani haske ba. Na tashi dai zuciyata ta yi sauƙi, na koma gida.

Washegari da hantsi, ina zaune gefen tabarmar Baba a rumfa, sai ga sallamar Malam Habu. Shi ma ya sayi irin moton nan bayan ni. Ya shigo da batiri a kafaɗa, ya dire shi gaban tsohon. Ya ce zai bi motar haya zuwa kasuwar Yauri, iyalinsa sun tafi gaisuwar rasuwa, gidansa ba kowa, in wuta ta zo ba mai jona masa.

Na fara yi wa Malam Habu alama da ido ya bari, bai ko dube ni ba. Baba ya ɗaga hannuwansa da ke naɗe ya ce ai shi ne wanda ya ƙona gida, gara Malam ya nemi mai hankali.

Malam Habu ya ce, "Baba, duk unguwar nan wa ya kai ka tsoron abin nan yanzu? Mai tsoronsa nake nema." Ya ajiye wayar cajin a kai, ya yi sallama ya fita. Mutumin nan bai san na yi addu'a ba. Ba addininmu ɗaya ba, ban kuma gaya masa komai ba. Allah ne ya aiko shi!

Baba ya daɗe yana kallon batirin. Can ya ce in taɓa in ji ko da zafi. Na ce da sanyi. Ya ce in ɗora shi a kan bulo a tsakiyar zaure, nesa da bango da tabarma, in kawar da randa, in cika bokiti da yashi in ajiye kusa. Sannan ya ce in fito masa da kujerarsa. Da wuta ta zo ni na jona, amma shi ya tsare. Kansa na rawa don yunwa, sau da yawa na ga zai sulale, na ce ya kwanta zan duba, ya ce ba ni aka ba amana ba. Bai ɗauke ido ba har fitilar ta koma kore, ya ce in cire.

Da yamma Malam Habu ya dawo ya ɗauki kayansa. Ya ajiye tiyar gero a gaban kujerar ya ce ladan gadi ne, gobe ma zai kawo batirin, ƙaninsa mai irin moton shi ma zai kawo nasa. Baba ya sa bayan hannunsa ya taɓa geron. Ya kira Saratu ya ce ta dama kunu da wannan, kada ta haɗa da na ikilisiya.

Ta dama ta kawo. Na riƙe masa ƙwaryar, ya kafa baki ya sha, ya huta, ya sake sha. Duk gidan ba wanda ya yarda ya dube shi sosai. Da ya shanye ya ce wa Saratu tsamiya ta yi kaɗan. Ta juya ta shige madafa tana kuka.

Har yau yatsunsa ba su miƙe duka ba. Ni ma da batiri ɗaya nake aiki, rabin yini in dawo. Iri kuwa na aro muka shuka. Amma ubana yana da rai, ga shi can a bencin baya yana harara ta don na tona masa asiri. Na gode wa Ubangiji Yesu da ya ji kukana, na gode muku, na gode wa maƙwabcina.

Masu irin moton nan, ku zauna ku gaya wa mutanen gidanku komai, har abin da kuke gani kowa ya sani. Wanda kuma ya zo yau da nauyin da ba shi da inda zai kai, ya kawo wa Yesu, ko da fushi ne ya zo. Ni haka na zo, bai kore ni ba. Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin.