Teburin da Ke Ƙasan Bene

Assalamu alaikum. Mai girma Daraktan ofishin walwala, shugabannin sassa, malamanmu, uwargidan marigayi da 'ya'yansa, 'yan'uwana iyayen yara masu buƙata ta musamman, sannunmu da wannan rashi.

Iyaye ne suka tura ni in yi magana. Sun san bakina, da saninsu suka zaɓe ni.

Ga wanda bai sani ba, ƙa'idar ofishin ita ce duk shekara a kawo yaro jami'i ya gan shi da idonsa kafin a sabunta tallafin gwamnati. Ofishin kuwa yana can saman bene. Wanda ya tsara haka bai taɓa goya kowa ba.

A tsakiyar benen na fara haɗuwa da marigayi, ɗaya daga cikin jami'an ofishin, ɗana a bayana, ƙafafunsa na jan matakala. Ya ce, "Hajiya, ina za ki da wannan ƙaton saurayi?" Na ce, "Zan kai muku shi ku duba, ko ya warke bai gaya mini ba." Bai yi dariya ba. Ya karɓi yaron ya sauko da shi. Washegari muka tarar da teburinsa a ƙasa, kusa da ɗakin janareta.

Abokan aikinsa suka raɗa masa Na-Ƙasan-Bene don tsiya. Mu muka karɓi sunan muka mai da shi kirari.

Ya kasance mai gaida yaro kafin ya gaida uwarsa. Ya kasance idan keken guragu ya iso, sai ya zauna ya gwada shi da kansa, ya ce, "Wannan birkin ko ɗan maƙiyina ba zan ba shi ba." Ya kasance mai taurin kai, kuma mun ci moriyar taurin kan. Da aka tuhume shi a rubuce kan sauko da teburin, amsarsa layi ɗaya ce: doka ta ce a ga yaro, ba ta ce a wahalar da shi ba.

Yaya, uwargida, kin sha wanke hayaƙin janareta daga rigunansa kina faɗa. Saboda mu ya sha shi. Ki yafe mana. Ku kuma 'ya'yansa, ku ɗaga kai idan an ambaci mahaifinku.

Ranka ya daɗe Darakta, mun ji yabon da ka yi masa, ya yi daɗi. Amma tun ba a tashi daga zaman makoki ba aka mayar da teburin sama. Mako mai zuwa za a fara sabuntawa. Maman 'yan biyu, ga ta can zaune, ta ce gara ta haƙura da tallafin da ta hau benen nan da yara biyu da ƙugu ɗaya. Ba za ta haƙura ba. Ba kyauta ba ce, haƙƙin 'ya'yanta ne.

Ranar Litinin za mu zo, mu shimfiɗa tabarmi a ƙasa mu zauna. Ko yaro ɗaya ba zai hau ba. Mai son ganin 'ya'yanmu ya sauko, ƙafafunsa lafiya lau.

Mun gode wa duk wanda ya bar aikinsa ya zo. Allah ya gafarta masa, ya sauƙaƙa masa kamar yadda ya sauƙaƙa mana, ya ba iyalansa haƙuri. Jami'an da ya bari kuma, Allah ya ƙara musu ƙarfin gwiwa, za su buƙace shi. Amin.