Baba Wanke-Taya da Ciyawar Bakin Gada

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban hukumar kula da hanyoyi, babban injiniyanmu, shugabannin makiyaya da na direbobin manyan motoci, sannan ke Hajiya, mai ɗakin marigayi, da ku 'ya'yansa da jikoki: sannunku da zuwa, sannunmu da haƙuri.

An ce ni zan yi magana a madadin ma'aikatan gefen titi, wataƙila don na fi kowa shan faɗansa. Shekara goma sha tara ina tuƙa gireda a ƙarƙashinsa.

Ciyawar nan da muke kira Baƙuwa, ba wanda ya san motar da ta kawo ta. Mun dai wayi gari mun gan ta a bakin kwalta, koriya shar, a wurin da ko ƙaya da ƙyar take fitowa. Har daɗi muka ji. Sai da ta bushe muka san halinta. Guntun taba ɗaya daga tagar mota, wuta ta tashi ta cinye itatuwan da dabbobi suka dogara da su, bayan wutar kuma ita kaɗai take sake tsirowa.

Aka ce a kankare ta. Muka sa gireda muka kankare kilomita arba'in, muna ta yabon kanmu. Ruwa na sauka sai ga ta a kilomita sittin.

Marigayi ya kasance mutum mai tsugunawa ya duba. Wata rana ya tsayar da ni, ya zura hannu a bayan wuƙar gireda, ya ƙwaƙulo laka cike da iri. Ya ce, "Direba, ashe kai ne manominta, ni kuma nake nuna maka gonar." Duk inda muka taɓa ajiye injin don mu huta, nan take fara fitowa.

Ya kasance mutumin da ba ya ɓoye kuskure. Da ƙafarsa ya je ofis ya ce mu ne muke shuka ta. Ga babban injiniya nan zaune, shi ya ba shi takardar gargaɗi don ya kashe gireda ba da izini ba. Ya karɓa da hannu biyu, bai kuma tayar da giredar ba.

A lokacin saura kilomita goma sha biyu ciyawar ta kai babbar gada. Bayan gadar kuwa kwarin da makiyaya suke kiwo ne, da rijiyoyinsu. Ya ce ba za ta haye ba. Ya mai da mu masu tuge ta da hannu tun kafin ta yi iri, mu cusa a buhu mu ɗaure. Injin kuwa ba ya matsawa sai an wanke shi tas. Direbobi suka sa masa Baba Wanke-Taya, suna wucewa suna danna masa hon, shi kuma yana ɗaga musu buroshi. Daga baya da kansu suke tsayawa a bakin gada su kakkaɓe tayoyinsu.

Hajiya, ki yafe mana. Mun san kullum sai ya zauna a ƙofa ya tsince irin ciyawar daga safarsa tsaf kafin ya shiga gida, abinci yana hucewa.

Da na je duba shi a asibiti, ko gaisuwata bai gama amsawa ba ya ce, "Ta haye?" Na ce bana ban kai ga dubawa ba. Ya juya mini baya. Kafin in koma da amsa, Allah ya karɓi abinsa, kuma wannan ya tsaya mini a rai.

Makon jiya muka taka kwarin nan da ƙafa, mu da makiyaya, dama da hagu. Saboda haka ku 'ya'yansa, ku karɓi rahoton da ban kai wa mahaifinku ba: damina goma sha ɗaya ke nan, ko ƙwaya ɗaya ba ta haye ba.

Mun gode muku duka da kuka zo. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kurakuransa, ya sa aljanna ce makomarsa. Mu kuma da ya bar wa bakin gada, Allah ya ba mu ikon tsare ta. Amin.