Ƙusar da ta yi ja a garwashi

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwana. Ni ce Rahila ta kambo, zangon 'yan ƙwadagon gona da ke bayan garin Managil. Kun san ni da baki, to akwai ranar da bakin nan ya mutu murus.

Muna cirar gyaɗa da hantsi, sai ɗiyata Saratu, 'yar shekara bakwai, ta dafe haƙarƙari ta zube. Jiki zafi rau! In ta ja numfashi sai ta ƙwalla ƙara kamar an soka mata wuƙa. Ciwon ya lafa, ya dawo. Babanta kuwa yana can Abu Na'ama wajen yankan riɗi.

Ba zan ɓoye muku ba, ban tuna da Ubangiji ba. Basir na tuna, tsohon nan mai yi wa mutane lalas da ƙusa mai zafi. Ni ma da haka na tashi, a gidanmu duk ciwon ƙirji wuta ce maganinsa. Na saɓa ta a kafaɗa sai gidansa.

Ya latsa ta, ya ce, "Iska ce ta shige ta. Wuri uku zan ɗana mata. Riƙe min ita, ɗiyata."

Ƙusa ta yi jawur. Ni da hannuna na danne yarinyar nan a tabarma! Ta ɗago ido ta ce, "Inna, mi na yi miki?"

Wayyo! Na ce a fili, "Yesu, wayona ya ƙare. In ba wagga ce hanya ba, ka tsayar da ni!"

Ban san sa'ad da na fizge ta ba. Basir ya ce, "In ta cika a hanya, ba ruwana." Maganar nan ta bi ni har kan karo, amalanken jakin da ya ɗauke mu zuwa asibiti. Duk ramin da muka faɗa sai ta yi ƙara, ni kuwa ina cewa na kashe ta da taurin kaina.

A asibiti likita ya saurari ƙirjinta ya daɗe, har na ji kamar in shaƙe shi. Sannan ya ce, "Baiwar Allah, zuciya lafiya, huhu lafiya. Ƙwayar cuta ce ta kama naman haƙarƙari, tana yawo cikin yara, hannu marar wanki ke kai ta. Ki ba ta maganin zazzaɓi da ruwa, ta huta. Ciwon zai iya dawowa, kada ki firgita."

Ya kuwa dawo rana ta huɗu, na kuma firgita. Amma na durƙusa na yi addu'a, ban koma wurin wuta ba. Rana ta shida ta tashi tana neman kisra, gurasar dawa, har da yi mini faɗa wai miya ta yi kaɗan!

Na gode wa Yesu da ya riƙe hannuna. 'Yan'uwa, in tsoro ya kama ku, ku fara kiransa kafin ku ruga. Da na yi jinkirin numfashi ɗaya, da ni na ƙona ɗiyata a banza. Ku dogara gare shi. Amin!