Rigunan Senhor Abílio

Mai girma shugabar ƙungiyar mazauna Alfama, Dona Perpétua Loureiro. Mai girma limamin cocinmu, Fada Anselmo. Wakilan hukumar birni da suka daure suka hawo tudun nan da ƙafa. 'Yan'uwana masu zagayawa da baƙi 'yan yawon buɗe ido. Iyayena mata da iyayena maza, da sauran jama'ar da ta rage mana a unguwa, barkanmu da yamma.

Ina gode wa shugaba da ta ba ni wannan dama, ina kuma gode muku da kuka fito cikin ruwan sama. Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Graciete. Shekara ashirin da biyu ke nan ina ɗaga jar lema, baƙi na biye da ni daga babban coci har ganuwar São Jorge. Da wannan aiki na ci, da shi na rene 'ya'yana, kuma a cikinsa na yi abin da ya kawo ni gabanku yau.

Maganata ta farko a kan igiyar shanya ce. Kun fi ni sanin cewa a unguwar nan, tsohon da ke zaune shi kaɗai, igiyar tagarsa ce ke shaida wa maƙwabta yana nan lafiya. Idan kaya suka kwana biyu ba a kwashe ba, sai a hau a buga ƙofa. Ina ƙarama mahaifiyata kan ce mini, "Ke Graciete, hau ki dubo Dona Idalina, rigarta ta kwana a waje. In ta mutu ki zo ki faɗa mini, in barci take ki ce na ce raguwa ce!" Haka muka tashi, ba wanda ya rubuta mana wannan doka, ba kuma wanda ya karya ta.

Ta biyu, kun ga yadda gidaje suka koma masaukin baƙi, ɗaya bayan ɗaya. Masu gidajen suka lura baƙi na son hoton shanya kamar yadda suke son hoton ganuwa, sai suka rataya kayan da babu mai sa su, suka bar su wata da watanni don ado. Muka yi dariya, muka yi tsaki, daga baya idonmu ya saba da shanyar da ba a kwashewa.

Ta uku ita ce mai nauyin, kuma ina roƙonku ku bar ni in kai ƙarshenta. Senhor Abílio, tsohon direban tarago, ƙaramin jirgin ƙasan nan na cikin gari, mai shekara tamanin da ɗaya, yana zaune a hawa na uku a lungun bayan coci. A ƙarƙashin tagarsa nake tsayar da baƙina sau biyu a rana. Yakan leƙo ya ce, "Graciete, gaya wa garken nan naki kada su ɗauki hoton gajeren wandona, ya huje!" Ni kuma in ce, "Haba Senhor Abílio, tun daga Japan suka taso don su gan shi!" Ya yi dariya har tari ya kama shi.

A watan Maris ya shanya riguna uku, shuɗɗa biyu da fara ɗaya. Kwana goma sha ɗaya suka yi a kan igiya. Kwana goma sha ɗaya ina tsayawa a ƙarƙashinsu, ina nunawa da lema, ina cewa, "Ku ɗaga kai ku gani, wannan ita ce Alfama ta gaskiya, nan har yanzu akwai mutane." Ruwa ya dake su a rana ta huɗu, na gani. Bai leƙo ya tsokane ni ba, na lura, na ce wa raina sanyi ne ya hana shi. Ni ɗin da mahaifiyata kan aika hawa benaye tun ban kai shekara bakwai ba, ban taka matakala ko ɗaya ba.

Mai raba wasiƙu ne ya sa aka fasa ƙofar. Likita ya ce faɗuwa ya yi a kicin, kuma ya kai kwana biyu a ƙasa da ransa. A cikin kwana biyun nan, sau huɗu na tsaya a ƙarƙashin tagarsa ina ɗaga murya, kuma tagar a buɗe take. Kunyar wannan ba za ta bar ni ba har in mutu. Mu biyar muka raka shi makabarta.

Ban zo in zagi baƙi ba. Sun zo ganin gari, an nuna musu, sun tafi. Ba su san dokar igiya ba, mu ne muka san ta. Abin da nake roƙo ƙarami ne. Tsofaffi goma sha bakwai suka rage suna zaune su kaɗai tsakanin coci da ganuwa, sunayensu na kan takarda a bakin ƙofar zauren nan. Kowa ya ɗauki suna ɗaya, ya hau ya buga ƙofa kullum, ko da shanya ko babu. Zuwa yanzu mutum shida ne suka sa hannu.

Ni na ɗauki Dona Custódia. Jiya na hau na buga, ta daɗe kafin ta buɗe, ta dube ni ta ce, "'Yar nan, wa ya mutu kuma?" Na ce babu kowa, gaisuwa na zo yi. Ta ce, "Gaisuwa? Tun Kirsimeti ba wanda ya taɓa ƙofar nan." Ta riƙe hannuna ta ƙi saki.

Allah Ya jiƙan Senhor Abílio, Ya yafe mini, Ya yafe mana baki ɗaya. Allah Ya tsare tsofaffinmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya, Ya sa kafin a rufe zauren nan suna goma sha ɗayan da suka rage su sami mai hawa.

Na gode.