Badruddeen Tela, Wanda Ya Ƙi Ɓoye Ciwon Gidansu

Mai girma Mai Unguwa, Malam Liman, Fasto Dantong, shugaban ƙungiyarmu ta telolin unguwar Rikkos, Dakta Yael da ta baro aiki ta zo, mahaifiyarmu Hajiya Kubra da ta haifi marigayi, maiɗakin marigayi Sumayya, ƙannensa Rahma da Mahdi, jama'a maza da mata, ina gaishe ku. Sannunmu da wannan babban rashi.

Sunana Mwadkon. Shekara goma sha tara shagona na jingine da na Badruddeen. Yau kwana arba'in ke nan ban ji ƙarar kekensa ba.

Ya kasance maƙwabcin da in Kirsimeti ta matso, ɗinki ya yi mini yawa, sai ya ture nasa ya jawo nawa. In Sallah ta zo in rama masa. Ya kasance mai tsokana. Akwai waɗanda ya laƙaba wa suna a cikinku, har yau da shi ake kiransu. Ya kasance kuma mai taurin kai, Hajiya ta fi ni sani.

Mun san mahaifinsu Malam Datti ya rasu da ciwon ciki bai kai hamsin ba, yayansu ma haka. Mu a unguwa muka ce sammu ne. Da Badruddeen ya fara ganin jini a bayan gida, kusan shekara guda yana shan maganin basir. Ni da hannuna na sayo masa wani a Titin Bauchi. Wannan yana damuna har yanzu.

Da ya je asibiti aka ce sankarar hanji ce, kuma ta yi nisa. Dakta Yael ta tambaye shi su wa da wa suka rasu a gidansu, ta sa aka gwada jininsa. Ranar da sakamako ya fito ya shigo shagona ya zauna kan benci.

Ya ce, "Mwadkon, ba wanda ya yi mana asiri. Ashe jiki ma ɗinki yake yi kullum, kuma akwai ƙwayoyin halittar da ke bin sawu suna gyara kuskure. Mu a gidanmu an gaji ɗaya mai rauni. Kowane ɗa, ko ya ɗauko ko bai ɗauko ba, rabi da rabi ne."

Na ce, "To ka bar zancen a cikin gida mana. Kana da 'yan mata, kada a guje su."

Ya ce, "Shirun nan ne ya ci Baba da Yaya."

Daga ranar bai sake yin shiru ba. Mutumin da ya rame har wandonsa sai da na rage masa, ya riƙa bin majalisa da tashar mota yana faɗin abin da mu muke jin nauyin faɗa: in ka ga jini, je a duba ka. An yi masa dariya. Wasu sun kwashe ɗinkinsu.

Rahma, wata uku ya yi yana binki ki je asibiti a duba ki, har kika daina ɗaga wayarsa. Da kika je aka leƙa hanjinki da na'ura, aka tarar da ɗan tsiro, aka cire tun bai zama komai ba. Ga ki zaune da goyonki. Ranar nan na ga Badruddeen yana kuka, kuma shi ne ganina na farko.

Sumayya, kin yi jinya ba ki taɓa ɗaga murya ba. Yaran nan namu ne duka. In sun girma mu za mu kai su gwaji.

Mahdi, ƙanena, ka yafe mini da na kira ka a gaban mutane. Yayanka ne ya sa ni. Kwana biyu kafin ya cika ya riƙe hannuna ya ce, "Saura Mahdi. Tsoro yake ji." Tsoron ba laifi ba ne. Amma dubi Hajiya: ta binne miji, ta binne 'ya'ya biyu. Ranar Talata zan rufe shago. Ƙarfe takwas ina ƙofar gidanku, tare za mu je asibiti a duba ka.

Mun gode muku duka da kuka zo. Allah ya jiƙan Badruddeen, ya yafe masa kurakuransa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Allah ya ba Hajiya da Sumayya haƙuri, ya raya abin da ya bari, ya tsawaita kwanan waɗanda suka rage a gidan Malam Datti. Amin.