Takardar da za a kai wa fasto

A layin shiga motar unguwar Umlazi, Thokozile ta miƙa wa wata budurwa takardar da ta tsinta cikin kayan 'yarta Zanele, marigayiya.

"Karanta min, 'yata. Fasto ya ce ba zai yi wa karuwa addu'ar binnewa ba."

Budurwar ta zaro ido. "Kai, Mama! Ai yarjejeniyar fim ce, fim ɗin tsiraici. Mai irin wannan takarda ɗan sanda ba ya taɓa ta. Mu na bakin titi ake jefawa a mota."

"Ku?"

"Su nake nufi."

Thokozile ta damƙi hannunta. "Ashe Zanele ba mai laifi ba ce! Yau fasto zai gani da idonsa!"

"Mama, ɓoye takardar nan. Karuwar titi, gari na wayewa an manta fuskarta. 'Yarki kuwa tana cikin wayar rabin mazan cocinku."

Thokozile ta ninke takardar ta cusa a riga, idonta na ƙyalli.

"Madalla! Duk wanda ya hana a binne ta, sai ya miƙe gaban matarsa ya faɗa min inda ya san ta."