Ɗago Kai Ka Dube Ni

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki, ya iyali? Ni manomin shinkafa ne daga Birnin Tudu, ƙasar Bakura.

Ɗana na fari ya samu gurbin karatun aikin gona a ƙasar waje, saura ganawa da malaman makarantar ta bidiyo. Ƙanena da ke koyarwa a Mafara ya yi masa gwaji. Yaro ya amsa komai daidai, amma kansa na ƙasa har aka gama. Ƙanena ya ce, "Yaya, can sai su ɗauka satar amsa yake. Dole ya koyi duban malami ido da ido."

To ni fa na hore shi da sunkuyar da kai gaban manya! Yanzu kullum bayan la'asar ina zaunar da shi, ina cewa, "Kai, ɗago ka dube ni." Jiya ya daure ya ɗago. Wallahi sai ni na sunkuyar. Ashe idanun marigayi babana gare shi sak, ban taɓa lura ba.

Iyayen da 'ya'yanku suka riga suka tafi karatu waje, ku ba ni shawara: in ya dawo, in ce ya koma sunkuyawa, ko in bar shi ya riƙa dubana?